Ranar da Lifidi Ya Sha Ruwa

Mijina Malam Jelani ya san yaƙi kamar a gabansa aka ƙirƙiro shi. Ka tambaye shi yadda ake jera 'yan baka a bayan ganuwa, ko dalilin da ya sa mutanen tsohon birnin Surame suka ɗora dutse kan dutse, zai gyara zama ya yi maka bayani har kununka ya huce. Amma shekara ashirin da ɗaya muna tare, ban taɓa ganin ya yanka kaza bai rufe ido ɗaya ba. Ni ce Kulu matarsa, mai ɗinkin katifa da matashi a unguwarmu nan Wurno. Kuma ni ce na kusa kashe masa aikinsa da hannuna, ina ganin taimako nake yi.

Malam tarihi yake koyarwa a wata makarantar sakandare ta garinmu, kuma abin da ya fi so a cikin tarihin shi ne yaƙe-yaƙen zamanin da, tun kafin bindiga ta zo ta lalata wa jarumai sana'a. Matsalar ɗaya ce, yara ba sa so. Kowa likita zai zama, ko injiniya, har wanda bai iya rubuta sunan ubansa daidai ba. A ajin ƙarshe yara huɗu kacal suka rage masa, kuma ɗaya daga cikinsu saboda fankar ajin yake zuwa.

Wata Litinin a ƙarshen damina ya dawo gida ya ajiye jakarsa, na kawo masa tuwo da miyar kuka ya zauna yana kallon kwanon.

Na ce, "Malam, mi ya hwaru? Ko gishiri ya yi yawa?"

Ya ce, "Kulu, shugaba ya kira ni ohis. Yac ce sati ukku sunka rage 'yan aji huɗu su zaɓi darussansu. In ban samu yara goma sha biyar ba, za a ruhe tarihi."

"Kai kuma hwa?"

"Ni za a ba ni makullin sito, in riƙa ƙirga tsintsiya da alli."

Shugaban makarantar, Malam Atiku, ba mugun mutum ba ne. Mutum ne dai mai tsoron takarda, kuma takarda ce ta zo masa daga sama. Amma na san mijina. Albashi ba zai canja ba, shi ne zai canja. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana kwana yana tashi da barade da dakaru, ka ce ya koma tsaron tsintsiya, ai ka binne shi da ransa. Ranar ni ma tuwon bai shiga ba, tausayinsa ya cika mini ciki.

Da safe sai ya tashi da dabara. Ya ce laifinsa ne, shekara da shekaru yana gaya wa yara yaƙi da baki, alhali ido suke so. Ya roƙi Malam Atiku ya ba shi awa ɗaya a filin makaranta ranar zaɓen darussa, zai fito musu cikin cikakkiyar shigar mayaƙin da, ga lifidi ga kwalkwali ga garkuwa. Lifidi shi ne rigar nan mai kauri da ake cusa wa auduga, wadda mayaƙa ke sawa su da dawakinsu don kibiya da mashi su rasa hanyar shiga. Malam ya gan shi a hoton littafi sau dubu, amma bai taɓa taɓa shi da hannu ba. Don haka ya ce zai shiga ƙauyuka neman tsofaffin da suka san yadda ake yin sa.

Nan ne sai na kawo maganar Inna. Inna Asabe ita ce mahaifiyarsa, 'yar Sisawa ce, kuma tana tare da mu tun rasuwar mahaifinsa. Ta haura saba'in, amma idonta na ganin ƙullin da ka ɓoye a ɗinki. Tana da wata al'ada da ba ta taɓa fashi. Duk ranar da Malam zai bar gari, ko da Rabah ce nan kusa, sai ta tare shi a zaure da ƙwarya. Ta tsoma hannu cikin ruwa ta dafa masa kafaɗar dama, ta sake tsomawa ta dafa ta hagu, sannan ta shafa tsakiyar baya, ta yi masa addu'a. Malam ya tsani abin nan. Zai sha guga ya sha sitati, ya fita da tambarin yatsu biyar-biyar a kafaɗa.

"Inna, wanga abu babu shi cikin littahi ko guda," haka yake cewa kullum.

Ita kuma ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne, sai ta ce, "Kai dai juyo da bayanka."

Sati guda ya yi yana hawa babur da tambarin Inna a kafaɗa. Ya je Rabah, ya je Tursa, ya je Goronyo har ya leƙa Giyawa, kullum kafin la'asar ya dawo don hanyoyinmu yanzu ba a yamma a kansu. Tsofaffi sun karɓe shi hannu biyu, sun cika masa waya da kirarin kakanninsu. Kowane gida ya shiga, kakansu shi ne ya kori mutum ɗari shi kaɗai. Na ce masa, to waɗanda aka kora ɗin fa, ba su bar jikoki ba? A Tursa aka ara masa kan mashi mai tsatsa. A Rabah aka ara masa kwalkwali, bayan an lallashi kazar da ke kwanci a ciki. Garkuwa kuwa wani baduku a Goronyo ya yi masa ita da fatar sa. Amma da ya zo kan lifidi, kowa sai ya ce ya dai ji labari, yadda ake ɗinka shi kam ya bi masu shi.

Ƙarshe ya dawo gida ya buɗe littafi a gabana ya ɗora yatsa kan hoto.

Ya ce, "Kulu, kina iya ɗunka wanga?"

Na duba. Na ga yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsaka, ɗinki ya bi ta kai. Na yi dariya na ce, "Malam, ashe dut yawon da kaka yi katihwa kaka nema? Katihwa ta mai hannuwa. Ba ni kwana huɗu."

To ni a sana'ata ina da girman kai, ba zan ɓoye ba. Katifata ba ta kwantawa. Akwai amaren da na yi wa katifa yanzu suna da jikoki, kuma har yau tana nan cur. Sirrin shi ne ba na sa audugar rimi. Rimi na masu matashin kasuwa ne, wata uku ya lafe. Ni audugar gona nake sawa, in dake ta da sanda, in cusa in sake cusawa har allura ta riƙa kuka. Na ce a raina mijina zai tsaya gaban yara ɗari uku da malamai, ba zan bari ya fita da abu sakwaf ba. Na sayo jan yadi mai kauri da buhu biyu na audugar gona, na baje tabarma a tsakar gida.

Inna na zaune a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, tana kallona ta wutsiyar ido. Rana ta biyu ta miƙo hannu ta tsinci audugar ta murza.

Ta ce, "Ke Kulu, rimi aka sa mai."

Na ce, "Inna, rimi ba shi da ƙarko."

"Ba ƙarko aka nema ba. Kuma kin cika shi da yawa. Ki rage, ki yi mai ɗaki-ɗaki ƙanana."

Raina ya ɓaci. Inna ba ta taɓa sa mini baki a sana'a ba, kuma ban taɓa ganin ta riƙe babbar allura ba. Na ce, "To Inna," irin to ɗin da ake faɗa wa manya a ci gaba da abin da ake yi. Ta dube ni, ta koma kan gyaɗarta. Da na tambaye ta a ina ta sani, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Amma ban tambaya ba, shi ma Malam da ke zaune yana goge tsatsar mashi bai ɗaga kai ba. Mutumin da ya ƙona mai har Giyawa neman tsofaffi!

Lifidi ya fito ja wur, ya tsaya da kansa a tsakar gida ba mai riƙe shi. Malam ya gwada, hannuwansa suka ƙi sauka, suka tsaya a buɗe. Ya ce da ɗan nauyi, amma ai haka littafi ya ce, lifidi na da nauyi. Ya zagaya tsakar gida sau biyu yana haki yana murmushi, akuyarmu ta tsinke igiya ta shige bayan rumbu.

Ranar Alhamis ɗin zaɓen darussa da safe Inna ta fito da mayafinta na zuwa biki da sandarta, ta ce za ta. Malam ya ce ai makaranta ce, ba barin gari zai yi ba. Ta ce ita dai za ta. Muka hau keke napep mu uku, lifidi ya cinye kujerar mutum biyu.

A bayan ofishin malamai na shirya shi. Na zura masa rigar, na ɗaure igiyoyin baya, na kifa masa kwalkwali da har yanzu ke ɗan warin kaza. Muna jin hayaniyar yara a fili. Sai na ga Inna ta tsaya tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa. Ta juya ta nufi randar da malamai ke alwala, ta ɗauki bokitin da ke gefe ta cika shi.

Ta ce, "Kulu, kama mani."

Malam ya ce, "Inna, mi za ki yi?"

"Ba a hita da lihidi busasshe. Da hannu nika yi maka don riga ta kaka sawa. Wanga kuwa sai da tulu. Juyo da bayanka."

Ya so ya kauce, amma wanda ke cikin katifa ina zai kauce? Ni kuma ba zan bar tsohuwa ta ɗaga bokiti ita kaɗai ba. Muka juye masa rabi a kafaɗar dama, rabi a ta hagu. Ta sake cikawa muka juye a baya. Ta yi addu'arta ta kullum. Abin mamaki ko ɗigo bai sauka ƙasa ba, lifidina ya shanye bokiti biyu tas. Inna ta duba ƙasa ta ga a bushe, ta dube ni, ta ce, "Uhm." Daidai nan aka buga ƙararrawa.

Da ya fito fili, yara suka ɓarke da ihu da tafi. Gaskiya ya yi kyau. Ja wur, ga mashi ga garkuwa, rana na dukan kwalkwali. Na ji alfahari har na gyara ɗaurin kallabi. Malam Atiku na zaune a teburi gindin bishiya da takardar sunaye a gabansa, shi ma ya cire tabarau yana kallo.

Malam ya fara bayani da muryar nan tasa ta aji. Taku goma na farko lafiya. Daga nan na ga tafiyarsa ta canja, yana jan ƙafa, kafaɗunsa na saukowa. Ruwan ya gama ratsa audugar ya fara taruwa a ƙasan rigar, yana ɗiga yana bin sawunsa. Gumi ya wanke masa fuska. Duk da haka bai daina ba, ya ce bari ya nuna musu yadda mayaƙi ke durƙusawa bayan garkuwa in kibau sun yi yawa. Ya durƙusa ɗin kuwa. Da ya zo tashi sai nauyin ya ja shi baya, ya tafi a hankali, a hankali, ya kwanta rigingine kamar buhun albasa da ya zamo daga jaki. Kwalkwali ya gangara gefe guda.

Ya yunƙura, ƙafafu kawai suka motsa. Ya sake yunƙurawa, lifidi ya ce caɓal.

Dariyar da yaran nan suka yi, na tabbata an ji ta a kasuwa. Wasu na faɗuwa ƙasa, wasu na riƙe ciki, har malamai sun juya baya kafaɗunsu na rawa. Na ga Malam Atiku ya mayar da tabarau ya ɗauki biro. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Na san audugata ce, na san girman kaina ne ke kwance a filin nan da mijina a ciki. Wasu manyan ɗalibai biyu suka ruga suka kama masa hannu ɗaya suna ja, sai jujjuya shi suke yi a wuri ɗaya, dariya ta ƙaru.

Sai ga Inna ta ratsa fili da sandarta, ba sauri ba tsoro. Ta buga sandar a ƙasa.

Ta ce, "Ku sake shi! Ba haka aka tada mai lihidi ba, za ku ɓalle mai kahwaɗa. Mutum huɗu nika so. Kai da kai, ku sa hannu ƙarƙashin hamata. Kai da wancan dogo, ku kama igiyar ƙugu. Kada wanda ya ja. Ku birkita shi bisa ciki tukuna, shi kai gwiwa ƙasa. Yawwa. Yanzu in nic ce hop, ku ɗaga tare."

Ta ce hop, sai ga Malam tsaye. Abin ya zo da sauƙi har yaran da suka ɗaga shi suka tsaya suna duban hannuwansu. Aka jawo benci ya zauna, ruwa na tsiyaya ta ƙasansa. Kowa a filin ya ga tsohuwar nan ba yau ta fara sanin abin ba.

Wata yarinya daga 'yan aji huɗu ta ɗaga hannu. Khairiyya sunanta, na san uwarta, kuma kowa ya san ita ce ta ɗaya a lissafi.

Ta ce, "Malam, mi ya sa anka jiƙa ka? Haka mayaƙa ka yi?"

Na dubi mijina. Zai iya ƙirƙiro amsa, ba wanda zai gane. Amma sai ya share fuska da bayan hannu ya ce, "Khairiyya, ban sani ba. Shekarata arba'in da bakwai ana sa mani ruwan ga, ban taɓa tambaya ba." Ya juya ya dubi mahaifiyarsa, ya sauke murya. "Inna, don Allah mi ya sa?"

Aka kawo mata kujera. Ta zauna ta jingine sandarta, ta gyara mayafi, kamar dama shekara da shekaru take jiran a tambaye ta.

Ta ce, "Abin da kakata tag gaya mani shi za ni gaya muku. Mu gidanmu ba mu da jarumi ko guda. Ba mu kori kowa ba. Mu masu ruwa na. Lihidi kibiya ba ta huda shi, to sai abokan gaba sunka gane su ɗaura tsumma ga kibiya su kunna mata wuta. In ta kama mutum, shina ciki ba shi iya tuɓewa. Shi ya sa kahin a hita, sai mutanenmu su jiƙa kowane mai lihidi, kahwaɗa biyu da baya, don baya shi na inda ba shi gani. Kuma su bi shi a ƙasa da tulu, ba mashi ba garkuwa. In ya kama wuta su kashe, in ya hwaɗi su tashe shi. Kakar tawa tana yarinya ta ga ubanta shina ɗunka shi, da rimi, don rimi ba shi shan ruwa. Yadin bisa kaɗai ka jiƙa." Ta ɗan waiwayo inda nake. "Audugar gona kuwa kun dai gani."

Yara suka sake dariya, amma wannan karon da ni ake, kuma na cancanta.

Khairiyya ta ce, "To Inna, yanzu da babu yaƙin kibiya hwa?"

Inna ta ce, "Yaƙi ya ƙare, tulu ya koma ƙwarya, ƙwarya ta koma tahin hannu. Amma ɗiyanmu ba su daina hita ba, mu ko ba mu daina tsoron abin da ka zo musu ta baya ba."

Malam ya sunkuyar da kai. Na san abin da yake tunawa, duk safiyar da ya tsaya a zaure yana tsaki a ciki saboda guga. Da ya ɗago, idonsa ja, amma malamin da ke cikinsa ya riga ya farka. Ya ce da yaran su lura, mutum ɗaya cikin lifidi, mutum huɗu suka tashe shi, wata ta jiƙa shi, wata ta ɗinka. Ya ce sati guda ya yi yana tara kirarin jarumai, ba wanda ya ba shi kirarin mai tulu.

Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, mu gidanmu maƙera na. Mu mi munka yi?"

Malam ya ɗaga kan mashin Tursa ya ce, "Wa kaka zato ya ƙera wanga?"

Shi ke nan aka ɓalle. Wannan ta ce su masaƙa ne, wancan ya ce su dukawa ne, wani ya ce kakansa makaɗi ne. Wani siriri ya ce su dai manoman gero ne tun asali, ba ruwansu da yaƙi. Malam ya ce masa to mayaƙa iska suke ci a hanya? Ya ce kowa ya koma gida ya tambayi kakarsa, ban da kirari, ya tambayi aikin da gidansu ke yi in an fita. Wanda ya samo amsa ya kawo ta ajin tarihi, shi zai zauna a benci ya saurara, tunda yau sun gani da idonsu bai san komai ba.

Awa ɗaya aka ba shi, sai da aka yi biyu. Malam Atiku bai buga ƙararrawa ba, don shi ma ya matso yana gaya wa wani malami cewa kakarsa ta wajen uwa tana da wata tsohuwar salka ta ɗaukar ruwa da ba ta bari a taɓa. Da aka tashi, yara suka yi layi a teburinsa. Ni ina bayan ofis ina kwance wa Malam igiyoyi, ba na son in leƙa. Sai da muka taru mu uku, ni da Inna da wani malami, kafin muka zare masa rigar.

Malam Atiku ya zagayo da takarda a hannu. Ya gaishe da Inna har ƙasa, sannan ya ce, "Malam Jelani, ashirin da shidda. Khairiyya ta hwara sa suna, tac ce za ta haɗa da lissahinta. Sai dai sun kahwa sharaɗi, wai Inna ta riƙa zuwa ko sau guda a wata."

Inna ta ce, "In za a aiko napep."

Malam ya zauna a bakin randa cikin singileti jiƙaƙƙe yana dariya, hawaye na zuba, ni ma na taya shi duka biyun.

Lifidin kwana tara ya yi a kan katanga kafin ya bushe. Na farke shi da hannuna, na mayar da audugar cikin katifar wata amarya, inda ya kamata ta kasance tun farko. Na sayo rimi na sake ɗinki daga tushe, Inna na zaune kusa da ni tana nuna mini faɗin kowane ɗaki da yatsu uku. Sau biyu ta sa na warware layi. Ban ce mata to irin waccan ba ko sau ɗaya.

Asabar ɗin da ta biyo baya Malam ya shirya zai mayar da kwalkwali Rabah, don an aiko cewa kazar ta ƙi kwanci a ko'ina. Ya sa farar shaddarsa mai sitati, ya ɗaure kwalkwali a bayan babur. Ina ɗaki na ji shiru, ban ji tashin babur ba. Na leƙo sai na gan shi tsaye a zaure shi kaɗai, ya juya baya ga tsakar gida, yana jira.

Inna ta taso da ƙwaryarta a hankali. Da ta iso sai ta tsaya ta kira ni. Ta kama hannuna na dama ta tsoma shi cikin ruwan, ta ɗora a kafaɗarsa, nata a kan nawa.

Ta ce, "Dama tukuna, sannan hagu, sannan baya. Ki riƙe, ni ba kullum nika nan ba."

Muka yi dama, muka yi hagu, muka yi baya. Malam ya fita da tambarin yatsu a shaddarsa, nawa da na Inna a haɗe, kuma har ya sha kwana ban ga ya kai hannu ya goge ba.